Kafireta a kwarin Rima: yadda ƙura da nisan gareji suka yi zaɓi

A Ingila ko Italiya, idan mai tsohuwar motar tsere ya ce zai sauya kafireta, gudu yake nema. Sai ya cire tagwayen SU da motarsa MG ta zo da su, ya ɗora Weber mai maƙogwaro biyu, ƙirar kamfanin da Edoardo Weber ya kafa a Bologna a 1923. A Giyawa da sauran garuruwan Goronyo, Wurno da Rabah, an kai kusan shekara hamsin ana irin wannan zaɓi, amma da wani mudu daban. Tambayar direba da manomi a nan ita ce: idan ta toshe a tsakiyar daji, wa zai buɗe ta? Tarihin kanikanci a gabashin Sakkwato ya nuna cewa kafiretar da ta fi kyau ita ce wadda hannun bakanike na kusa zai iya gyarawa, kuma akwai lissafi mai ƙarfi a bayan wannan hukunci.

Aikin kafireta haɗa iska da fetur ne kafin su shiga inji, kusan awo 15 na iska ga awo ɗaya na mai idan an auna da nauyi. Iska na ratsa wani matsattsen maƙogwaro, sai gudunta ya ƙaru, ta tsotso mai daga ɗan kofin da ke ƙasa ta wata ƙaramar kafa da kanikawa ke kira jet. Daga nan ake gane kuskuren mai ganin babbar kafireta ita ce ƙarfi. Idan maƙogwaron ya fi ƙarfin injin, iska ba ta samun gudun da za ta ja mai sosai, sai mota ta riƙa shaƙewa idan an taka totur, ta ƙi zama a sulo, ga shan mai na banza. Mai motar tsere da ke kan kwalta mai santsi zai iya haƙuri da wannan don abin da zai samu a ƙarshen gudu. Direban da ya ɗauko buhunan albasa a kan yashi yana buƙatar ƙarfi tun daga giya ta ɗaya.

Motar da ta zama makarantar kanikawan Arewa ita ce Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, kuma tana da jinin tsere, domin da ita Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma haɗa motoci, gwamnatin soja ta mai da Fijo motar jami'anta, 'yan kasuwa da direbobin tasha suka bi sahu. A Turai an sayar da 504 mai fetur iri biyu: mai kafireta, galibi Solex, da mai fesa mai ta na'urar Kugelfischer, wadda ta fi ƙarfi. Mai kafiretar ce ta cika hanyoyinmu. Ƙurar hunturu da fetur ɗin jarka mai datti su ne manyan abokan gabar inji a nan, kuma maganinsu a Solex bai wuce sukundireba da ɗan fetur na wanki da hura jet da baki ba. Faransa ta daina ƙera motar a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har cikin shekarun 2000, kayan gyaranta suka yawaita a kowace kasuwa, yaran gareji suka tashi sun san cikinta kamar yunwar cikinsu.

Wannan ilmi bai tsaya a tasha ba, ya gangara fadama. Kafin zuwan inji, da jigo da ƙwarya ake ban ruwa a bakin gulbin Rima, kuma ƙarfin damtsen mutum shi ne iyakar gonarsa. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, hukumomin raya aikin gona suka yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, sannan shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa ya soma aiki a farkon shekarun 1990. Da su ne ƙaramin injin ban ruwa mai fetur, irin su Honda da Robin, ya shiga gonakin albasa, tafarnuwa da shinkafa. Kafiretarsa ba ta kai dunƙulen hannu ba, amma ƙa'idarta ɗaya da ta Fijo. Haka ta babur, daga Jincheng zuwa Boxer na 'yan kabu-kabu. Wanda ya koyi gyaran ɗaya ya kama hanyar sauran, shi ya sa ƙauyen da ba shi da garejin mota yake da mai gyaran inji. A noman rani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shukar da ta rasa ruwa kwana kaɗan a zafin bazara ba ta jiran a kai inji birni.

Mai ja da wannan magana zai ce kafireta tsohon yayi ce, kuma yana da hujja. Injin da kwamfuta ke auna wa mai, wato mai injekta, ya fi tsimi, ya fi saurin tashi da sanyin asuba, hayaƙinsa ya fi tsabta. Dokokin hayaƙi ne suka kori kafireta daga sababbin motocin Turai a farkon shekarun 1990, kuma motocin Beljiyom da suka biyo ta Kwatano sun ture Fijo daga tasha. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tsimin mai ba shi kaɗai ne kuɗin da ake kashewa ba. Idan ƙwaƙwalwar mota ta samu matsala, ana buƙatar na'urar bincike da wanda ya iya karanta ta, kuma sau da yawa sai an ja motar zuwa Sakkwato. Inda gareji na zamani ke kusa, injekta ta yi nasara, kuma ta cancanta. Inda yake da nisa, kwanakin da aka yi asara sun fi litar da aka tsimi tsada.

Akwai kuma masu cewa aikin kanikawanmu lalube ne, da kunne ake saiti, ga jabun kayan gyara sun cika kasuwa. Lallai bakaniken da ya faɗaɗa jet da allura ko ya yar da matatar iska yana kashe inji a hankali. Amma abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya nuna darajar wannan hannu. Da fetur ya yi tsada, masu janareta da manoman rani a Arewa suka soma ɗora wa injinansu kafireta mai amfani da gas ɗin girki, kuma masu gyara na bakin hanya ne suka yi aikin, ba tare da jiran wani kamfani ba. Sauyin ya yiwu ne domin injin a buɗe yake ga duk mai sukundireba da basira. Yanzu famfon sola ya soma shiga fadama, kuma tambayar da za ta yanke masa hukunci ita ce wadda aka yi wa Solex tun zamanin Fijo: ran da ya tsaya, ko akwai wanda zai tayar da shi a Giyawa kafin albasa ta yi yaushi.