Madoshin da Ba a Saye a Kanti

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohuwar Landiroba, irin wadda Di'o da likitan dabbobi suke shiga ƙauyuka da ita kafin samun 'yancin kai, ya san jikinta ba sumul yake ba. A bakin ƙofa da gefen bodi akwai wasu 'yan kawuna a jere, kamar tsagar gado. Ƙusoshi ne, amma ba su da tsini kuma ba su da noti. Makanikai na ce musu ribit. Ana zura ƙusar cikin ramin da ya ratsa faranti biyu, a tokare kanta ta baya da ƙarfe mai nauyi, a dake ɗaya bakin har ya baje ya zama kai na biyu. Daga nan babu kwancewa, sai dai a sare.

A Ingila, masu sha'awar raya irin waɗannan motoci kan sha wahalar neman abin da za su dake ƙusar da shi, wato guntun ƙarfe mai ɗan kwarmi a baki daidai da kan ƙusar, don ya fito da kumburinsa kamar yadda ya baro masana'anta. Wasu sai sun yi oda sun jira. A garin Keffi, tsohon makanike zai yi mamakin wannan wahala. Abin da ya sani shi ne a tsinci guntun ƙarfe a bayan gareji a kai wa maƙeri, kafin la'asar an dawo da madoshi.

Wannan sakin jiki da ƙarfe yana da asali. A Taruga, can wajen Abuja, Bernard Fagg ya tono murahun narka tama a shekarun 1960, na mutanen da masana ke kira al'ummar Nok, kuma shekarunsu sun haura 2,000. Ƙauyen Nok kansa yana kudancin Kaduna. Keffi na zaune ne a tsakiyar ƙasar da aka daɗe ana sarrafa ƙarfe a cikinta tun kafin a san za a kafa gari a wurin.

Garin kuwa Abdu Zanga ne ya kafa shi wajen shekarar 1800, Bafulatani daga ƙasar Katsina, aka kewaye shi da kafi, sunan ya bi shi. Ya zauna ƙarƙashin Zazzau, kuma arzikinsa hanya ce: fatake daga Kano da Zariya nan suke yada zango kafin su gangara Nasarawa su kai Loko a bakin Binuwai. Bajamushe Gerhard Rohlfs ya ratsa ta nan a 1867. Ko'ina aka ce zango, to akwai maƙeri, domin linzami na karyewa, wuƙa na rabuwa da ƙotarta, takobi na son gyara. Ɗaure ƙarfe da ƙarfe ta hanyar baje bakin ƙusa tsohon aiki ne a wurinsu. Yawancin masu ba da labarin Keffi suna tsayawa ne a kan Oktoban 1902, ranar da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Bature Kyaftin Moloney ya nufi Kano, abin da Lugard ya riƙe hujja ya ci Kano a 1903. Labari ne babba, amma ya rufe wani. A shekarun da suka biyo baya, a ka ake ɗauko kuza daga tsaunukan Jos, 'yan dako su bi ta Keffi zuwa Loko a zuba a jirgin ruwa, har sai da ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru a 1914. Kaya suka canza hanya, Keffi ta yi sanyi, ba ta sake farfaɗowa sosai ba sai da mota ta zo.

Motar kuwa da ribit ta zo. A wancan zamani walda ba ta yaɗu ba, duniya duka da wannan ƙusa take ɗaure ƙarfe. Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris, wadda aka gama a 1889, ta ci ƙusa kimanin miliyan biyu da rabi. Gadar Makurdi da aka buɗe a 1932 'yar wancan zamani ce. Manyan motocin kaya masu bodin katako ma da ita aka haɗa ƙashin bayansu, kuma da dalili: shasi yana murɗawa idan mota ta faɗa rami da lodi, ƙusa tana ba shi damar ɗan motsawa, walda kuwa tsagewa take yi a gefen ɗinkin. Landiroba ta fito a 1948, lokacin da ƙarfe ke da wuyar samu a Ingila bayan yaƙin Hitila, alminiyam kuma ya fi samuwa. Shi ya sa aka yi jikinta da shi, shi ya sa kuma take daɗewa ba ta yi tsatsa ba, sai dai shasin ya ruɓe a ƙarƙashinta. Alminiyam ba ya karɓar waldar bakin titi. Wanda ya gwada zai ga farantin ya narke ya bar rami. Dole a koma ga ƙusa.

Ga yadda ake yin madoshin. Ba kowane ƙarfe ba ne. Rodin gini ba ya yi, laushi gare shi, bugu kaɗan bakinsa ya baje kamar naman kaza. Abin nema shi ne karyayyen shaf na ƙafar baya, ko guntun sifirin mai naɗi, domin ƙarfensu yana karɓar tauri. A yanke kamar tsawon taƙi, a sa baki ɗaya a gawayi, yaro ya ja zugazugi har ya yi ja wur. Sai a ɗauko ɗaya daga 'ya'yan boris, wanda girmansa ya yi daidai da kan ƙusar da ake so, a ajiye a kan uwar maƙera, a kafa jan bakin a kansa da awartaki, a sauke masaba. Ƙwallon ya nutse ya bar kwarmi mai santsi wanda magagari ba zai iya fitarwa ba. Ni a ganina duk dabarar tana nan, kuma ba a littafi aka koye ta ba. Daga nan a goge gefen kwarmin don kada ya yi wa jikin mota zobe, a sake gasawa, a tsoma a baƙin mai. Ruwa yakan sa irin wannan ƙarfe ya tsage. Sai a ɗan mayar da shi wuta kaɗan har launinsa ya juya ruwan ƙasa, don ya rage gautsi. Bakin da guduma za ta riƙa sauka a kai ba a taurara shi, saboda idan ya yi tauri ɓarɓashi yake tashi, kuma ido yake nema.

Aikin kansa na mutum biyu ne. Maigida na waje da guduma, yaro na ciki ya tokare da dunƙulen ƙarfe, ba ya ganin komai, sai jin bugu a kafaɗa da tsawar "Riƙe da kyau!" Ƙa'idar tsawo ita ce abin da ya leƙo na ƙusar ya kai kaurinta sau ɗaya da rabi. In ya gaza, kan ba zai kama ba. In ya zarce, sai ta lanƙwashe gefe. Ƙusar alminiyam a sanyi ake dakanta, ta shasi kuwa sai an gasa ta, tana hucewa tana tsukewa tana ƙara damƙe farantan.

Inda talaka ya fi cin moriyar wannan sana'a shi ne birki da kuloci. Layinin birki na tsofaffin motoci da 'yan ƙusoshin tagulla masu rami a gindi ake manne shi, kuma nasu madoshin daban ne, yana da ɗan tsini a tsakiya wanda ke buɗe bakin ya naɗe shi waje. Daga tsakiya ake farawa a nufi gefe, don kada layinin ya yi ciki. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, Fijo 404 da 504 suka cika hanyoyi, akori-kura ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin SAP na 1986, sabon kaya ya gagari direba, sai a sake wa tsohon takalmin birki fata maimakon a sayi sabo. A wannan lokaci ne Panteka ta Kaduna ta ƙara suna wajen ƙera abin da babu. Sai dai akwai abin da ba a faɗa wa yaran gareji ba: layinin wancan zamani da asbesto ake yin sa, kuma ƙurar da suke hurewa da baki tana lalata huhu bayan shekaru.

Akwai ƙusa ta zamani, wadda ake ja da wani abu mai kama da filaya daga gefe ɗaya, ba a bukatar yaro a ciki. Wani kamfanin Birmingham mai suna George Tucker Eyelet ne ya fito da ita a shekarun 1930 saboda jiragen sama, yau kuma ita masu tagogin alminiyam ke amfani da ita. Tana da sauri, ita ma Landiroba akwai wuraren da da ita aka haɗa ta. Amma tsakiyarta rami ne, kuma wanda ya sa ta a gurbin cikakkiyar ƙusa zai ji bodi na kaɗawa kafin ya kai Akwanga.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, Abuja kuma ta yi ta tumbatsa ta Mararaba da Masaka, motocin hanyar Keffi suka zama 'yan Kwatano, waɗanda ake cire musu abu a jefar a ɗaura wani. Fijo 504 ta daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna bayan Faransa ta daina, amma ita ma ta tsaya. Waɗanda suka rage a bayan gidaje, ƙafafu a kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar baya, 'yan gwangwan ne ke zagayarsu. Suna sarewa su ɗora a sikeli, kuma alminiyam ɗin Landiroba ya fi baƙin ƙarfe tsada a kilo, don haka ita ake fara tayawa. Madoshin ma, in maigida ya rasu aka share shago, cikin buhu ɗaya yake tafiya da karyayyun sifana.