Gidauniyoyin Attajirai da Akalar Makarantun Gwamnati: Darasi Daga Kudancin Amurka

Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, jihohin kudancin ƙasar sun fito a talauce, ga kuma bayi kimanin miliyan huɗu da aka 'yanta, waɗanda akasarinsu doka ta hana su koyon karatu a zamanin bauta. A wannan giɓi ne attajiran arewacin ƙasar suka shigo da dukiyarsu, kuma shigowar tasu ta bar tambayar da har yau ba ta tsufa ba: wa ke da ikon yanke abin da za a koya wa 'ya'yan talakawa?

George Peabody ne ya buɗe ƙofa a 1867 da dala miliyan ɗaya, ya ƙara wata miliyan a 1869. Asusunsa ba ya ɗaukar nauyin makaranta gaba ɗaya. Yakan ba gari wani kaso, bisa sharaɗin mutanen garin su tara mafi yawan kuɗin. Da wannan dabara aka zaburar da garuruwa su kafa makarantun gwamnati. Sai dai wakilin asusun, Barnas Sears, ya ƙi goyon bayan haɗa farare da baƙaƙe a aji ɗaya, kuma makarantun baƙaƙe kashi biyu cikin uku suke samu na abin da ake ba na farare.

A 1902 John D. Rockefeller ya kafa General Education Board. Wannan gidauniya ta riƙa biyan albashin jami'an da ke kula da makarantun baƙaƙe na karkara a cikin ma'aikatun ilimi na jihohi. Ta haka ra'ayinta ya shiga ofishin gwamnati ba tare da an zaɓe ta ba. Ra'ayin kuwa shi ne na makarantun Hampton da Tuskegee: noma, kafinta, ɗinki da aikin gida. W. E. B. Du Bois ya soki wannan tafarki tun 1903, yana ganin al'ummar da aka hana ilimi mai zurfi ba za ta fitar da shugabanninta ba.

Alƙaluman shirin Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, Roebuck, sun fi komai bayyana lamarin. Daga shawarar da ya yi da Booker T. Washington a 1912 zuwa 1932, an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15, a kan dala miliyan 28 da ɗoriya. Asusunsa ya ba da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Baƙaƙen fata, manoma matalauta, sun tara kusan kashi 17, bayan harajin da suke biya. Baitulmali ya ɗauki kusan kashi 64. Amma mai ƙaramin kason shi ne ya tsara fasalin gini da sharuɗɗan tallafi.

Tafarkin bai tsaya a Amurka ba. Asusun Phelps-Stokes ya turo kwamiti Afirka a 1920, ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, tare da James Aggrey, suka ziyarci ƙasashe da dama har da Nijeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau. Shawarwarinsu sun yi tasiri a manufar ilimi da Birtaniya ta fitar wa yankunan mulkinta a 1925.

Adalci bai yarda a musanta alherin waɗannan gidauniyoyi ba, domin yara da yawa ba su taɓa shiga aji ba sai a ginin Rosenwald. Haka kuma bai yarda a manta cewa sun yi aiki cikin tsarin wariya ba tare da sun ƙalubalance shi ba, har kotun ƙoli ta haramta shi a makarantu a 1954. Al'ummar da za ta karɓi tallafin ilimi, wajibi ne ta karanta sharaɗin kafin ta ƙirga kuɗin, domin gini yakan tsufa ya rushe, manhaja kuwa tana wanzuwa a zukatan waɗanda aka karantar.