Nonon barya

Nonon barya, wanda wasu ke kira namijin dayi, wani tsiro ne na daji da ake cin ganyensa. Sunansa na kimiyya Launaea taraxacifolia, kuma yana cikin dangin Asteraceae tare da latas. Yarabawa suna kiransa yanrin. Yana fitowa da kansa a gonaki, gefen hanya da filayen da aka bari ba noma, tun daga Senegal har zuwa Habasha da Tanzaniya.

Suna

Masanin tsirrai Carl Ludwig Willdenow na Jamus ne ya fara bayyana shi da sunan Sonchus taraxacifolius, sannan a shekarar 1966 aka mayar da shi rukunin Launaea. Kalmar taraxacifolia na nufin mai ganye irin na Taraxacum, wato tsiron da Turawa ke kira dandelion. A Ghana ma da wannan suna na dandelion aka fi saninsa, alhali tsirran biyu daban suke.

Siffa

Yana soma fitar da ganyaye a kewaye daf da ƙasa, dogaye masu tsage-tsage a gefe. Idan zai yi fure sai ya miƙe da kara guda mai rassa a sama, wanda kan kai mita ɗaya da rabi. Furanninsa ƙanana ne, rawaya, masu yawa. Irinsa na da farin gashi da iska ke ɗauka. Idan aka karya ganye ko kara, farin ruwa kamar madara yana fitowa. Saiwarsa kan yaɗu a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da sabon toho, shi ya sa noma bai cika kashe shi ba.

Masu kama da shi

Dandelion na asali (Taraxacum officinale) ɗan Turai da Asiya ne, kuma gajere ne. Kowane furensa guda ɗaya ne a kan sanda mai rami a ciki, wadda ba ta da ganye ko reshe.

Sonchus oleraceus kuwa yana da ganyaye da ke rungume kara, gefensu da ƙayoyi masu taushi, kuma ba ya wuce shekara guda.

Nonon kurciya (Euphorbia hirta) shi ma yana fitar da farin ruwa, amma dangi daban ne kuma ba kayan miya ba ne. Ganyensa ƙanana ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, karansa da gashi. Don haka farin ruwa kaɗai bai isa shaida ba. Sai an duba ganye, kara da fure.

Amfani

Ana cin ganyen ɗanye ko a dafa a miya, musamman a kudu maso yammacin Najeriya, Benin da Ghana. Yana da ɗan ɗaci, wanda ke raguwa idan an tafasa shi. Ana kuma ba dabbobi.