Ilimin da Aka Samu Wajen Aji: Tarihin Jarrabawar da Ke Tsaya wa Zaman Jami'a

Akwai tambaya guda da ta daɗe tana damun masu tsara karatun jami'a. Mutum ne ya yi shekara 15 yana riƙe da littafin lissafin wani kamfani, ko soja ne ya ƙware a gyaran rediyo a fagen daga, ko kuwa mace ce ta karance littattafan tarihi a cikin gidanta. Ran da ɗayansu ya nemi takardar shaidar jami'a, sai an zaunar da shi tare da sababbin ɗalibai a koya masa abin da ya riga ya sani? Ƙasar Amurka ta amsa wannan tambaya da jarrabawa ta bai ɗaya: wanda ya ci, a rubuta masa darasin kamar ya zauna ajin. An ɗauki lokaci mai tsawo kafin a kai ga wannan amsa, kuma har yau ba kowace jami'a ce ta yarda da ita ba.

Kafin a fahimci jarrabawar, dole a san abin da take tsaya wa, watau ma'aunin karatu da ake ce wa kiredi. A shekara ta 1869 Charles Eliot ya zama shugaban jami'ar Harvard, ya ba ɗalibai damar zaɓen darussan da suke so. Da sauran jami'o'i suka bi sawu, sai ya zama ɗalibi biyu na iya fita da takarda iri ɗaya alhali ba darussa ɗaya suka bi ba, saboda haka aka bukaci mudun da za a auna karatun kowa. A shekara ta 1905 attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 domin fanshon malaman jami'a, gidauniyar da ke riƙe da kuɗin kuma ta sa sharaɗi ga duk jami'ar da ke son cin moriyarsu: ta riƙa auna karatun sakandare na ɗalibanta da awoyi, awa 120 ga kowane darasi a shekara. Jami'o'i suka ɗauki irin wannan lissafi ga nasu darussan. Awa ɗaya a aji kowane mako, tsawon zango na kimanin mako 15, ita ce kiredi ɗaya. Yawancin darussa kiredi 3 ne, digirin shekara 4 kuma kimanin kiredi 120. Malaman da suka saba da tsarin LMD, inda lisansi ke da kiredi 180, sun san irin wannan ƙidaya. Abin lura shi ne, tun asali lokacin da aka zauna a benci mudun yake aunawa, don haka wanda ya koya a wani wuri ba shi da komai a cikinsa.

Tunanin raba wurin koyo da wurin ba da shaida ya girmi kiredi, kuma daga Ingila ya fito. Jami'ar Landan, da aka kafa a shekara ta 1836, aikinta na farko shirya jarrabawa ne da ba da digiri, koyarwa kuwa tana hannun kwalejoji. A shekara ta 1858 ta buɗe jarrabawoyinta ga duk mai iya ci, ko ina ya yi karatu, ban da fannin likitanci. A 1865 aka fara yin su a ƙasashen ƙetare, a tsibirin Moris. Ta wannan ƙofa ce Alvan Ikoku, malamin makarantar nan da hotonsa ke kan takardar naira 10 ta Nijeriya, ya sami digirin falsafa a shekara ta 1928 yana cikin aikin koyarwa. Sai dai Landan digiri cikakke take bayarwa bayan jerin jarrabawoyinta. Abin da Amurka ta ƙaro shi ne yanka hanyar gunduwa-gunduwa, kowane darasi da jarrabawarsa.

Yaƙi ne ya tilasta wannan. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, jami'o'in Amurka da yawa sun ba tsofaffin sojoji kiredi kyauta gwargwadon daɗewarsu a aikin soja, ba tare da gwada su ba. Karamcin ya zama cuta, domin an tura mutane azuzuwan da suka fi ƙarfinsu, da yawa suka faɗi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Majalisar Ilimi ta Amurka, wadda ke haɗa kan jami'o'in ƙasar, ta ƙudura kada a maimaita kuskuren. A shekara ta 1942 rundunar soja ta buɗe cibiyar karatu ta wasiƙa a garin Madison na jihar Wisconsin, wadda aka sani da USAFI, tana aika wa sojoji darussa duk inda suke. Aka ɗora wa masana auna ilimi, cikinsu har da Ralph Tyler na jami'ar Chicago da E. F. Lindquist na jami'ar Iowa, aikin tsara jarrabawoyin da za su nuna abin da sojan ya sani, ko daga littafi ya samo shi ko daga aiki. Daga nan aka sami jarrabawar GED mai tsaya wa takardar sakandare, tare da wasu na matakin jami'a. A ranar 22 ga Yuni 1944 shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ke biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu. Fiye da mutum miliyan 2 suka shiga jami'a ta dalilinta, har a shekara ta 1947 kusan rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar tsofaffin sojoji ne. Da yawansu magidanta ne masu iyali, ba su da shekarun ɓatawa a kan abin da suka riga suka iya.

Abin da aka yi wa soja bai daɗe ba ya isa ga farar hula. A 1947 jihar New York ta buɗe GED ga kowa. A 1955 ƙungiyar College Board ta karɓi shirin AP, wanda ke ba haziƙan ɗaliban sakandare damar cin darussan jami'a tun kafin su shiga. A shekara ta 1967 ita wannan ƙungiya ta ƙaddamar da jarrabawar CLEP, wadda ba ta tambayar shekarun mutum, ba ta tambayar inda ya koya. Aka ƙara taku a 1971, lokacin da hukumar ilimi ta jihar New York ta kafa digirin da za a iya haɗawa gaba ɗaya da jarrabawoyi da kiredin da aka tara a wurare dabam-dabam. Wannan shiri ne ya zama jami'ar Excelsior ta yau. Jihar New Jersey ta yi kwatankwacinsa a 1972 da kwalejin Thomas Edison. A 1974 aka rufe USAFI, wata hukuma mai suna DANTES ta gaje ta, tana biya wa sojoji kuɗin jarrabawar.

A shekara ta 2024 CLEP tana da jarrabawa 34, a fannonin lissafi, kimiyya, tarihi, adabi, kasuwanci da harsuna, jami'o'i da kwalejoji kimanin 2,900 kuma suna karɓar sakamakonta. Yawancinsu minti 90 ne, tambayoyi ne da ake zaɓen amsa, kuma tun 2001 a kwamfuta ake yin su. Maki yana tsakanin 20 da 80, Majalisar Ilimi ta ba da shawarar a ba da kiredi daga maki 50. Kuɗin zama a wannan shekara bai kai dala 100 ba, alhali darasi guda a jami'a yakan ci ɗaruruwan daloli ko dubbai. Tun 2017 ƙungiyar agaji ta Modern States tana ba da darussan shiri kyauta ta intanet, tana kuma biyan kuɗin jarrabawar ga wanda ya kammala su.

Suka ta biyo tsarin tun farkonsa. A shekarun 1970 wasu malaman jami'a suka ce ana raba kiredi da arha, domin ɗalibi kan tsallake kusan shekara guda ta karatu da ƴan awoyi na zaɓen amsa. Hujjarsu tana da nauyi: tambayar zaɓe ba ta nuna ko mutum ya iya rubuta doguwar maƙala, ko ya iya kare ra'ayinsa gaban abokan karatu, ko hannunsa ya saba da ɗakin gwaje-gwaje. Masu goyon baya suka amsa cewa wanda ya zauna ajin ma da jarrabawa ake sallamarsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarshen gardamar shi ne hukunci ya tsaya a hannun jami'a. Kowacce ita ke faɗin jarrabawar da take karɓa, da makin da take so, da iyakar kiredin da za a shigo da shi. Da yawa suna wajabta a yi aƙalla kiredi 30 a cikin azuzuwansu, wasu manya kuma, irin su Harvard, ba su karɓar CLEP sam.

Faransa ta bi wata hanya dabam. Tun 1934 doka ta yarda ma'aikacin da ya ƙware ya sami matsayin injiniya bayan an gwada shi. Dokar 17 ga Janairu 2002 ta kafa tsarin VAE, inda mutum ke rubuta kundin abin da ya koya a wurin aiki, ya gabatar da shi gaban kwamitin malamai da masu sana'a, su ba shi takardar shaida cikakkiya ko wani sashe nata. Da farko ana neman shekara 3 ta aiki, a 2016 aka rage zuwa shekara 1. Wannan hanya ta fi ganin mutum da sana'arsa, amma ta fi cin lokaci da ƙoƙari, kuma hukunci ya dogara ga mutanen da suka zauna kwamitin. Jarrabawar Amurka ta fi sauri da arha, kuma mudu ɗaya take yi wa kowa.

Iyakar jarrabawar ta bai ɗaya tana bayyana a sashen harsuna. CLEP tana gwada Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. Ɗan Maradi ko Damagaram da ya je karatu Amurka zai iya zama jarrabawar Faransanci ya fito da kiredi 6 ko fiye, a jami'ar da ke karɓa, saboda harshen da ya koya tun firamare. Hausar da ya tashi da ita, ko da ya ƙware a rubuta ta da boko da ajami, ba ta cikin jerin. Jarrabawa irin wannan tana gane ilimin da jami'a ta riga ta mai da shi darasi, ta tsara masa manhaja, ta kuma sami ɗalibai masu yawa da za su zauna masa. Daga 1942 zuwa yau an yarda cewa mutum na iya koyo a barikin soja, a kanti, ko a ɗakinsa da dare. Amma zaɓen ilimin da ya cancanci a tsara masa jarrabawa yana nan a hannun jami'o'i da masu rubuta manhaja, kuma a gabansu ne malaman harsuna da ƙungiyoyin al'adu za su kai bukatarsu.