Daga Usur ɗin Saje Zuwa Ɗakin Gwaji: Yadda Ilimin Jikin Ɗan Wasa Ya Iso Kaduna

Ranar 3 ga Agusta, 1996, Nijeriya ta doke Ajantina da ci uku da biyu, ta ɗauki lambar zinare ta ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta. Biyu daga cikin ƙwallayen nan uku 'yan Kaduna ne suka zura su: Celestine Babayaro ya farke ta farko da ka, Daniel Amokachi ya farke ta biyu. Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma haifaffun Kaduna, suna cikin tawagar. Ba a daɗe da wannan murna ba likitocin Inter Milan suka duba kyaftin ɗin tawagar, Nwankwo Kanu, suka gano lahani a ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa. A watan Nuwamba aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka, ya warke, ya koma fili ya ƙara shekaru fiye da goma yana taka leda. Yaron da duniya ta gama kallo yana gudu lafiya lau, ashe yana ɗauke da ciwon da zai iya kayar da shi a tsakiyar fili, kuma awo ne kaɗai ya tona.

Kaduna ta daɗe tana haihuwar 'yan wasa. Abin da ya zo a makare shi ne mutanen da aikinsu ke nan sanin abin da ke faruwa a cikin jikin ɗan wasa, da zuciyarsa da huhunsa da tsokarsa, tun daga atisaye har zuwa ranar da ya ji rauni. Yadda wannan ilimi ya iso nan, ta hanyoyi biyu da har yau ba su gama haɗuwa ba, labari ne da ya kamata a sani.

Ba Turawa ne suka koya wa Bahaushe kula da jikin ɗan wasa ba. Ɗan dambe da ɗan kokawa sun san lokacinsu kaka ne, bayan an kawar da amfanin gona, ciki ya ƙoshi, jiki ya murje da aikin damina. Suna da iyayen gida masu kula da cimarsu da hutunsu, akwai kuma maɗora da suka gaji sana'ar ɗori, suna bambance karaya da targaɗe da gocewar ƙashi da taɓin hannu. Wannan sani ne na gaske, kuma har gobe ɗan ƙwallon unguwa in ya gurɗe ƙafa, sau da yawa gidan maɗori yake fara nufa. Iyakarsa dai ita ce abin da ido ke gani da abin da hannu ke ji. Ba shi da hanyar leƙa zuciya.

Horon jiki irin na boko kuwa da kakin soja ya shigo. Kaduna kanta garin bariki ce. Wajen 1913 Gwamna Lugga ya fara girke sojojin rundunar Afirka ta Yamma a bakin kogin, a 1917 kuma aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo nan. Hafsoshin Turawa suka zo da folo da sukuwa, filin sukuwarsu shi ne ya zama Dandalin Murtala na yau. Abin da ya faɗo kan kurtu shi ne faretin asuba da tsalle-tsalle da gudu cikin layi. Wannan salon ne ya bi ta ƙofar makaranta, domin manhajar motsa jiki da Ingila ta fitar a 1933 ita aka riƙa bi a makarantun Nijeriya, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin sojoji da yawa ne aka ba su usur aka ce su horar da yara. Saje ya san yadda zai sa yaro ya miƙe sambal, ya kuma san horon wanda ya yi lalaci. Dalilin da ya sa wani yaron ke haki tun a zagaye na biyu alhali ɗan'uwansa ya yi biyar, wannan ba a koya masa ba, saboda haka sunan abin a wurinsa ragwanci. Ina ganin yawancin ɓarnar da ake yi wa jikin yara a filayenmu har yau daga wannan gado ta samo tushe: a hana ruwa don a ƙara juriya, a sa mai rauni ya koma fili don kada a ce shi rago ne.

'Yan bokon farko sun ɗauki wasa da daraja. A Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938 kafin ta zarce Zariya a 1949, ana buga kurket da wasan fayis na dukan ƙwallo a bango da tafin hannu, kuma Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe fayis har bayan ya zama Firimiya. Gwamnatinsa ce ta gina babban filin wasa da ke ɗauke da sunansa a tsakiyar shekarun 1960, a arewacin gadar kogi. A 1964 kuma aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA, inda ƙarfin jiki ya zama sharaɗin shiga da na fita. Fili ya samu, masu gudu sun samu.

A daidai shekarun da saje ke busa usur a nan, a Turai an riga an mayar da gajiya abin aunawa. Wani Bature ɗan Ingila, A. V. Hill, wanda shi kansa ɗan tsere ne, ya sami kyautar Nobel ta 1922 tare da Otto Meyerhof na Jamus kan yadda tsoka ke aiki da fitar da zafi. Shi da abokin aikinsa Hartley Lupton suka nuna cewa kowane mutum yana da iyakar iskar oksijin da jikinsa zai iya zuƙa ya ƙona a minti guda, kuma in ya kai wannan iyaka, ƙarin saurin da zai yi bashi ne yake ci wanda sai ya biya da haki. Har yau da wannan ma'auni ake gane mai dogon numfashi. A Jami'ar Harvard an buɗe ɗakin binciken gajiya a 1927, ya yi shekara ashirin yana auna 'yan tsere da ma'aikata da sojoji a cikin zafin hamada da kan duwatsu. Daga baya Per-Olof Åstrand na Suwidin ya sauƙaƙa awon, ta yadda da keken gwaji da ƙirga bugun zuciya za a iya kintatar ƙarfin mutum. Gasar Olamfik ta birnin Meziko a 1968, a tudu mai tsayin mita 2,240, ta ƙarasa gamsar da masu horarwa, domin 'yan tseren dogon zango da suka tashi a tsaunukan Kenya da Habasha sun yi fice, na ƙasashen kwari da yawa sun galabaita.

Amurkawa kuma suka ƙirƙiro wata sana'a dabam. Mutum ne da ba likita ba, ba koci ba, yana tsaye a bakin fili kullum: shi ke ɗaure gwiwa kafin wasa, shi ke fara isa ga wanda ya faɗi, shi ke cewa wannan ya koma, wannan ya huta. Masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu a 1950, kuma a 'yan shekarun nan sun mayar da digiri na biyu ya zama ƙofar shiga sana'ar.

A Nijeriya ilimin ya biyo hanya biyu. Ta farko ta makarantar likitanci ce. Fiziyoloji, wato ilimin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, ya fara da Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a matsayin darasin da ɗalibin likita zai ci kafin ya shiga asibiti. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, ta buɗe tsangayar likitanci a 1967, kuma Kaduna ta shiga cikin lamarin kai tsaye, domin asibitin koyarwar jami'ar yana da reshe a garin har zuwa lokacin da aka tattara aka koma Shika a 2005. Sannu a hankali sashen fiziyoloji ya tashi daga mai yi wa likitoci hidima ya fara ba da digirinsa na kansa, har na biyu da na digirgir. Da aka kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004, a kan Titin Tafawa Balewa, ita ma ta samar da nata sashen, ta kuma sami asibitin koyarwa mai sunan Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa.

Hanya ta biyu ta tsangayar ilimi ce. A 1957 kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta narke cikin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ta fara horar da malaman motsa jiki na musamman. Jami'ar Nsukka ce ta fara ba da digiri a fannin a farkon shekarun 1960, ABU da Jami'ar Bayero suka biyo baya da sassansu na motsa jiki da ilimin lafiya, inda ɗalibin digiri na biyu zai iya ƙwarewa a fiziyolojin motsa jiki. Bayan Yaƙin Basasa gwamnatin Gowon ta ga wasa hanya ce ta ɗinke ɓaraka, ta ƙirƙiro Bikin Wasanni na Ƙasa a 1973, aka kafa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas a 1974 don horar da masu horarwa. Kaduna ta karɓi baƙuncin bikin a 1977, ta sake karɓa a 2009. Masu gashin ƙashi kuma nasu reshen dabam ne: Ibadan ta fara digirinsu a 1966, a Arewa kuma Kano ce ta zama cibiyarsu, a jikin Asibitin Ƙashi na Dala da Jami'ar Bayero.

A nan ne gizo ke saƙar. Waɗannan sassa sun zama kamar kishiyoyin da ba sa ga-maciji, gida ɗaya, miji ɗaya, amma kowa da murhunta. Ɗalibin fiziyoloji yana da na'urori da horon gwaji mai tsanani, sai dai kundinsa sau da yawa a kan ɓerayen ɗakin gwaji yake ƙarewa, ana ba su tsimin wani ganye ana auna sukarin jininsu. Aiki ne mai amfani, ban raina shi ba. Ɗalibin motsa jiki kuwa yana da fili da 'yan wasa, amma rashin kayan aiki yakan tura shi ga rarraba takardun tambayoyi. Wanda ya san jiki ba ya zuwa fili, wanda ke fili ba shi da abin awo. Tsakanin Filin Ahmadu Bello da Asibitin Barau Dikko tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep, amma ɗan wasan da zai bi wannan hanya yawanci sai ya riga ya karye.

An biya kuɗin wannan giɓi da rayuka. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Legas ana wasa da Angola, yana ɗan shekara 25, binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta kumbura. A Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, bai tashi ba. In zuciya ta tsaya a fili, kowane minti da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a kuma sa na'urar farfaɗo da bugu ba, damar rayuwa raguwa take yi da sauri, kuma wannan aiki ne da mai horon 'yan kwanaki zai iya. Kimiyyar ta taɓa zuwa ƙofarmu ta wata fuskar a 2009, shekarar da Kaduna ta kasance cikin garuruwan da suka karɓi gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. FIFA ta kawo hoton MRI na wuyan hannu don duba ko ƙashin ya gama haɗewa, aka sallami 'yan wasan Nijeriya da dama tun kafin a fara.

Abin da ya fi damuna shi ne littattafan da ɗalibanmu ke karantawa yawanci a kan jikin mazauna ƙasashen sanyi aka rubuta su, alhali tambayoyinmu suna nan a bakin ƙofa. A Maris da Afrilu zafin Kaduna yakan haura digiri 35. Ɗan ƙwallo a irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, kuma da zarar ya rasa kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, wato kusan kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, gudunsa da natsuwarsa sun fara raguwa. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga azumi, wanda ke ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya kuma faɗo cikin bazara a farkon shekarun 2020. An yi bincike a kan 'yan ƙwallo masu azumi a Tunisiya a 2006 da hannun FIFA, aka ga in an gyara lokacin atisaye da barci da abin da ake ci tsakanin buɗa-baki da sahur, raguwar ba ta da yawa. To amma sahur ɗin Tunis ba tuwon masara da kunun gyaɗa ba ne, zafinta kuma ba namu ba ne. Ga ƙurar hunturu da abin da take yi wa huhun mai tsere. Ga sikila: kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar halittarta, yawancinsu lafiyarsu ƙalau kuma suna wasa har matakin ƙoli, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da wasunsu, abin da ya sa manyan jami'o'in Amurka suka fara gwada 'yan wasansu tun 2010. Ga kuma 'yan dambe, masu shan duka a ka ba tare da wani ya duba ko ƙwaƙwalwa ta girgiza ba kafin a sake sa zare.

Yawancin waɗannan tambayoyi ba sa bukatar na'urar miliyoyin naira. Gwajin hawa da sauka a kan benci da aka ƙirƙiro a Harvard lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, benci da agogo kawai yake so. Gwajin gudun minti 12 da Kenneth Cooper ya fitar a 1968 don sojojin saman Amurka, fili da igiyar awo ne. Sikeli ɗaya kafin atisaye da bayansa ya isa ya faɗi yawan ruwan da ɗan wasa ya rasa. Ɗalibin digiri na biyu da zai zaɓi ƙungiya ɗaya ta matasa a Kawo ko Unguwar Rimi ko Badarawa, ya bi ta daga hunturu zuwa bazara zuwa azumi yana auna nauyi da bugun zuciya da nisan gudu, yana bukatar malami daga fiziyoloji da malami daga motsa jiki su yarda su sa hannu a kundi ɗaya, da koci da zai bar shi ya tsaya a bakin fili da littafinsa tun daga atisayen asuba.