Babi na Uku: Bin Diddigin Mallakar Tsofaffin Manyan Motoci a Ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba yadda manyan motocin dogon zango suka riƙa sauya hannu a yammacin Jihar Zamfara, wato ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, tun daga zamanin gyaɗa da auduga har zuwa shigowar motocin Kwatano. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, sunan da ke rubuce a takardar tsohuwar mota ba kasafai yake zama sunan mai ita ba. Saboda haka duk mai son sanin hannayen da mota ta ratsa, dole ne ya haɗa shaidar takarda da ta jikin motar da kuma ta bakin mutanen da suka yi aiki da ita.

3.1 Shigowar Manyan Motoci Yankin

Kafin zuwan mota, fatake da jakuna da raƙuma da takarkarai su ne ke ɗaukar kayan wannan yanki. Jirgin ƙasa ya isa Kano a shekarar 1911, sa'an nan reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Wannan reshe bai kai yammacin Zamfara ba. Don haka gyaɗa da audugar da aka noma a Anka da Bukkuyum da fadamun Gummi sai an kai su Gusau, inda tashar jirgi da injin gurzar auduga suke. Wannan rata da ke tsakanin gona da tasha ita ce ta fara samar wa babbar mota aiki a yankin.

Hanyar da ta fi ɗaukar wannan kaya ita ce wadda ta rabu da titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta bi ta Anka da Nasarawar Burkullu da Ɗaki Takwas ta isa Gummi. Daga Ɗaki Takwas kuma hanya ta yi kudu zuwa Zuru da Kwantagora, wadda ita ce ƙofar masu zuwa kurmi da shanu da hatsi, su dawo da goro da manja da gishiri.

Bayan an kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga a 1949, da kuma Hukumar Sayen Amfanin Gona ta Jihar Arewa a 1954, sai sayen waɗannan kaya ya koma hannun masu lasisi. Mai lasisi kuwa yana da wa'adin kai kaya, saboda haka ko dai ya mallaki mota ko ya yi hayarta. Ta wannan kafa ce attajirai da yawa suka fara shiga harkar sufuri. Haka kuma rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun sa mutanen Gabas da yawa, waɗanda ke da ƙarfi a harkar mota da kanikanci, suka bar Arewa, sai 'yan ƙasa suka cike gurbinsu.

3.2 Ire-iren Motocin da Kafofin Samunsu

Motar da ta fi shahara a farko ita ce Bedford ta Ingila, wadda Hausawa ke kira Bilhodi, kuma kamfanin UAC ne ke shigo da ita yana haɗa ta a Ikko. Daga baya Mercedes-Benz mai lamba 911, wato Marsandi mai gajeren hanci, ta samu karɓuwa saboda juriyarta ga hanyar burji da kaya mai nauyi. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 gwamnatin tarayya ta yi tarayya da kamfanonin waje aka kafa masana'antun haɗa manyan motoci: Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, sai ANAMMCO a Inugu wadda aka buɗe a 1980 don haɗa Marsandi.

Ya kamata a lura cewa akasarin waɗannan motoci ana sayar da su ne kai da casis kawai. Casis shi ne dogayen ƙarafan nan biyu da suka zama ƙashin bayan mota. Mai saye shi zai kai ta wurin kafintoci su buga mata bodin katako gwargwadon aikin da za ta yi, ko na shanu ko na buhuna. Wannan ya sa motoci biyu da suka fito daga kamfani rana ɗaya kan bambanta a ido tun daga shekararsu ta farko.

Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta faɗi, an kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. Sabuwar mota ta fi ƙarfin matsakaicin attajiri, sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai irin su DAF da MAN da ake shigo da su ta Kwatano da Ikko. Irin waɗannan suna zuwa ne da tarihin mallaka na wata ƙasa, wanda ba ya biyo su cikin takardun da ake ba mai saye a nan.

3.3 Matakan Sauya Hannu

Idan aka dubi rayuwar babbar mota a wannan yanki za a ga tana bin wasu matakai, kuma kowane mataki zangonta yana ƙara gajarta.

Mataki na farko shi ne na kamfani da attajiri. Da yawa daga cikin sababbin motoci bashi ake ɗaukarsu ana biya kashi-kashi. A ƙarƙashin dokar irin wannan ciniki ta 1965, mota tana nan mallakar kamfani har sai an biya kashi na ƙarshe, amma idan mai saye ya biya uku bisa biyar na kuɗin, kamfani ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu. Ke nan a shekarun farko mai mota a idon jama'a daban, mai ita a idon doka daban. A wannan mataki ne mota ke zuwa Ikko da Ibadan da Shagamu.

Mataki na biyu shi ne na direba. Al'ada ce sananniya maigida ya bar wa amintaccen direbansa motar da ta fara tsufa, ya yanka masa kuɗi, ya riƙa biya daga abin da motar ke kawowa. Sau da yawa shaidu biyu ko uku ne kurum ke wurin, ba a rubuta kome ba. Wani lokaci kuma 'yan kasuwa biyu ko uku kan haɗa kuɗi su saya, a sa sunan mutum ɗaya a takarda. A nan zango kan tsaya Gusau ko Funtuwa ko Jega ko Zuru.

Mataki na uku shi ne na tsohon yaron mota ko bakanike, wanda shi kaɗai ne ya san lagonta. A hannunsa motar kan koma cin kasuwannin ƙauye da ɗaukar itace da yashi da taki. Daga nan sai mataki na ƙarshe, inda ake jingine ta bayan gareji ana cirar kayanta ana gyara wasu, har 'yan gwangwan su zo su yanka abin da ya rage su auna a sikeli.

3.4 Shaidar Takarda

Takardun da ake nema su ne littafin rajista, da rasit na saye, da lasisin mota, da inshora, da takardar lafiyar mota ta ma'aikatan VIO. Amfaninsu shi ne suna ba da kwanan wata. Alal misali, rasit ɗin da aka rubuta da fam da sule ya riga 1 ga Janairu 1973, ranar da aka fara aiki da naira da kwabo.

Sai dai wannan shaida tana da rauni ta fuskoki da dama. Na farko, masu saye ba su cika yin canjin suna ba, domin yana cin kuɗi da tafiya, ga kuma amana tsakanin mai sayarwa da mai saye. Akan ci gaba da sabunta lasisi da sunan mutumin da ya daɗe da rasuwa. Na biyu, wasu da gangan suke sa sunan ɗa ko yaron gida, don gudun harajin da ake kira kuɗin masu arziki a zamanin En'e, ko don aikin gwamnati ya hana su kasuwanci a fili, ko kuma don gudun bakin mutane.

Na uku shi ne sauye-sauyen mulki. Motar da aka saya a 1965, ko da ba ta taɓa barin hannun mutanen Gummi ba, ta zauna ƙarƙashin Lardin Sakkwato na Jihar Arewa har 1967, da Jihar Arewa maso Yamma har 1976, da Jihar Sakkwato har ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Lambobin mota ma sun sauya. Akwai lokacin da lambar Sakkwato ke farawa da SO, sa'an nan a 1992 aka fito da tsarin bai ɗaya mai nuna ƙaramar hukuma, aka sake fasalinsa a 2011. Don haka tsofaffin fayilolin wannan yanki a Sakkwato ake nemansu, na zamanin Turawa kuwa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Bugu da ƙari, bayanan kotunan alƙalai game da rabon gado da rikicin bashi sukan ambaci mota da lambarta da kuɗin da aka yi mata, kuma sun fi littafin rajista faɗin gaskiyar mai ita, tun da a gaban alƙali sai da shaidu.

3.5 Shaidar Jikin Mota

Tsohuwar mota takan sauya bodi sau da yawa, ta sauya inji da giya da fenti da lamba. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar da kamfani ya buga a jikin casis. Ita ce ake kwatantawa da ta cikin takarda. Idan lambar casis ta dace amma ta inji ta saɓa, an sauya inji ke nan, kuma sau da yawa hakan na faruwa ne lokacin da mota ta shiga sabon hannu. Idan kuwa aka tarar an goge lambar ko an yi walda a wurinta, to akwai alamar an haɗa motoci biyu sun zama ɗaya, ko kuma asalin motar yana da ayar tambaya.

Sitiyari ma shaida ne. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972. Motocin da aka sayar kafin wannan rana sitiyarinsu yana dama, na bayanta kuma yana hagu. Amma a nan sai an yi hattara, domin an juya wa wasu tsofaffin sitiyari, kuma akan ga ramukan ƙusoshin farko a ɗaya gefen.

Har wa yau akwai rubutun da ke goshin mota da bayanta. Kowane mai mota yana da nasa take, kamar “Haƙuri maganin duniya” ko “Allah ya kiyaye”. Sabon mai mota yakan shafe na wanda ya gabace shi ya rubuta nasa. Idan aka kankare fenti a hankali akan tarar da rubutu a ƙarƙashin rubutu, wanda ke nuna adadin hannayen da ta ratsa da kuma jerinsu.

3.6 Shaidar Baka

A tasha ba a kiran mota da lambarta. Da takenta ko da sunan direbanta aka san ta. Tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da makanikai da kafintocin bodi sukan iya lissafa wanda ya fara sayen mota, da direbobin da suka riƙe ta, da gadar da ta taɓa faɗawa. Rassan ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, su ma sun san motocin da ke lodi a tashoshinsu. Waƙoƙin makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun adana sunayen direbobi da masu motoci na Arewa da dama.

Raunin wannan shaida shi ne rashin shekara, da kuma yadda mutane kan ɗauki direba a matsayin mai mota. Maganin na farko shi ne a ɗaura labari a kan abin da aka san lokacinsa, kamar canjin hannu na 1972, ko farin 1973, ko cutar da ta lalata gyaɗa a 1975. Maganin na biyu kuwa shi ne a tambayi wanda ake kai wa kuɗin lodi idan an dawo daga tafiya, da wanda ke sayen taya idan ta fashe. Wanda ke ɗaukar asara shi ne mai mota.

3.7 Muhimmancin Bin Diddigin

Wannan aiki yana da amfani ga magada kafin masu tarihi. Mota ba ta rabuwa kamar hatsi, sai an yi mata kuɗi a raba bisa ƙa'idar gado ta Musulunci. Idan direba ya biya rabin kuɗin mota maigida ya rasu, takarda kuma tana ɗauke da sunan maigidan, to haƙƙin direban ya rataya ne a wuyan shaidu. Idan su ma sun rasu, sai a ci haƙƙin wani cikin rashin sani, ko zumunci ya lalace a gaban alƙali.

Ta fuskar tarihi kuwa, jerin masu mota ɗaya yana nuna yadda dukiya ta gangaro daga kamfanonin Turawa zuwa attajiran gyaɗa, daga nan zuwa ga barorinsu, har yaron mota ya zama maigidan kansa. Waɗannan shaidu suna ƙarewa da sauri. Tsofaffin direbobi suna rasuwa, gara tana cin takardu, 'yan gwangwan suna yanka casis, kuma rashin tsaron da ya addabi Zamfara tun wajejen 2011 ya tarwatsa mutanen ƙauyuka da yawa tare da abin da suka adana.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda rashin layin dogo a yammacin Zamfara ya jawo babbar mota, da ire-iren motocin da suka yi aiki a yankin, da matakai huɗu da suke bi wajen sauya hannu. An kuma nuna cewa takarda tana ba da shekara amma takan ɓoye mai mota, baki yana ba da suna amma ba ya riƙe shekara, lambar casis kuwa ita ce ke tabbatar da cewa mota ɗaya ake magana a kai. Babi na gaba zai duba dangantakar maigida da direba da yaron mota, da yadda ake raba kuɗin lodi a tsakaninsu.