Kuɗin Sabuntawa da Kwangilar Kula da Haƙƙin Ƙirƙira na Gwamnatoci

Takardar haƙƙin ƙirƙira, wato shaidar da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago wata fasaha domin ya hana wasu ƙera ta ko sayar da ita ba da izininsa ba, galibi har tsawon shekara 20, ba ta aiki sai a ƙasar da ta bayar da ita, kuma tana mutuwa idan ba a biya kuɗin sabuntawa a kan kari ba. Birtaniya ta ɗauki wannan tsari a dokarta ta 1852, inda aka yanka fam 25 tun farko, fam 50 kafin cikar shekara uku, sannan fam 100 kafin cikar shekara bakwai. Da gangan aka sa kuɗin yana hauhawa, domin fasahar da ba ta kawo wa mai ita riba ta kuɓuce daga hannunsa ta zama ta kowa. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta sauƙaƙa neman kariya a ƙasashe da dama, amma kowace ƙasa ta ci gaba da karɓar nata kuɗin a nata lokacin.

Lamarin ya sauya sa'ad da gwamnatoci da kansu suka zama masu riƙe da ɗimbin takardun. Masanan Jami'ar Oxford ne suka mai da fenisilin magani, amma ba su yi masa rajista ba, sai Amurkawa suka mallaki haƙƙin dabarun sarrafa shi da yawa. Takaicin hakan yana cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta kafa hukumar NRDC a 1949 domin ta riƙe ƙirƙirar da aka yi da kuɗin jama'a, kuma maganin sefalosforin ya samar mata kuɗin shiga mai yawa, kafin a sayar da magajiyarta, BTG, ga 'yan kasuwa a 1992. A Amurka kuwa, gwamnatin tarayya ta tara takardu kusan 28,000 kafin 1980, alhali waɗanda aka bai wa kamfanoni lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Dokar Disamba 1980, wadda ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙago da tallafin gwamnati, ita ce kuma ta shigo da kuɗin sabuntawa, wanda ake biya bayan shekara uku da rabi, da bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi.

Bin diddigin dubban wa'adi a ƙasashe masu bambancin doka da kuɗi ya fi ƙarfin ƙaramin ofishi, tun da yake ranar da ta wuce, tare da sassaucin wata shida da akan bayar bisa tara, tana iya salwantar da binciken shekaru. Wannan ne ya haifar da sana'a mai zaman kanta: an kafa kamfanin Dennemeyer a Luksamburg a 1962, sai CPA a tsibirin Jersey a 1969, wanda ya dogara da kwamfuta wajen lissafin ranaku. Irin waɗannan kamfanoni, da ofisoshin lauyoyi, su hukumomin bincike ke bai wa kwangilar biya da canjin kuɗi da hulɗa da wakilai a kowace ƙasa.

Sai dai ɗan kwangila, wanda akasari ake biyansa a kan kowace sabuntawa, ba shi da dalilin ba da shawarar a bar wata takarda ta mutu. Hukumar da ta miƙa masa biyan kuɗi har da wannan hukunci ta rushe manufar dokar 1852 da aljihun masu biyan haraji.